Bi ruwa ka ga mai iko: yadda ake nazarin mulki daga bakin hawasha

'Yar wana ce ta jawo wannan rubutu. Tana digiri na biyu a fannin siyasa, yaƙi ya raba ta da aji, yanzu ta waya take bin karatu daga gidan da muke haya a Gadarif tun da muka baro Madani a Disambar 2023. Wata rana bayan la'asar ta miƙo mini shafi huɗu ta ce, "Baffa, duba mini kafin in tura wa malamina." Kan maganar shi ne matsalar shugabanci nagari a Sudan. Na karanta har ƙarshe. Na ƙirga sunayen masana goma sha ɗaya, amma babu sunan gari ko ɗaya, babu ofis, babu kasuwa, babu wanda aka hana wani abu, babu wanda ya hana. Na ce mata, "'Yata, Larabcinki ya yi kyau, sai dai ban ga mutum a ciki ba. Wa aka mulka a nan?"

Ta yi shiru, can ta ce to ta ina za ta fara. Abin da na yi ta gaya mata a kwanakin da suka biyo baya shi zan shimfiɗa a nan, don na san irinta suna da yawa cikin 'ya'yanmu na Sinnar da Kasala da Damazin, da waɗanda ke Makka da Jidda, har da na Kano da Damagaram. Na haura shekara ashirin ina koyar da wannan fanni. A kambo aka haife ni, wato irin 'yan rugagen ma'aikatan gona da ke gefen tur'o'i, magudanan ban ruwa na aikin noman Jazira, kuma rabin abin da na sani game da iko can na koyo shi kafin in san akwai littafin da ya yi maganarsa.

Nazarin ƙwaƙwaf, wanda malaman adabi a ƙasar Hausa za su kira tarke, aikinsa ɗaya ne: ka ɗauki tsarin da kowa ya saba da shi har ya zama kamar halitta, ka tambayi yaushe aka kafa shi, wa ya kafa shi, wa ke cin moriyarsa, wa ke biyan kuɗinsa. Zagin gwamnati wani abu ne daban, kowa na iya yinsa a wurin mai shayi. Wannan aikin yana son haƙuri da hujja.

Rage tambayar har ta zama abin da za ka taka da ƙafa

"Shugabanci a Sudan" ba tambaya ba ce, teku ce. Ka matse ta har ta koma wuri ɗaya da abu ɗaya da lokaci ɗaya. Wa ke yanke wanda zai samu rumfa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif? Me ya sa buhun riɗi ke biyan kuɗi a shinge kaza kafin ya isa Bur Sudan, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga? Ga ma'aunin da nake ba ɗalibaina: in ba za ka iya lissafa mini mutum biyar da za ka je ka gani gobe da safe ba, tambayarka ba ta nuna ba tukuna.

Kada ka ji tsoron za a ce bincikenka ƙarami ne. Zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019 daga burodi ta tashi, lokacin da kuɗin guda ɗaya ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3 a Disambar 2018. Wanda ya bi burodin nan baya zai bi ta gidan burodi, ya bi ta kamfanonin da ke shigo da alkama, ya bi ta tallafin gwamnati da ƙarancin dala, ya tarar da kansa a shekarar 2011, ranar da Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur.

Bi abu ɗaya daga hannu zuwa hannu

A nan zan daɗe, don nan ne zuciyar aikin. Ka zaɓi abin da mutane ba sa iya rayuwa ba tare da shi ba, ka bi shi, ka rubuta kowane hannun da ya ratsa. Ni ruwa na bi.

An kammala madatsar Sinnar a 1925. Daga bayanta babbar tur'a ke kwasar ruwan kogin Nilul Azrak ta yi arewa da shi, ba da inji ba, gangaren ƙasa kawai. Ta rabu zuwa manyan rassa, su kuma su rabu zuwa ƙanana. Daga ƙaramar tur'a ruwa ke shiga Abu Ishirin, wanda ke shayar da nimra guda, wato jerin gonaki mai faddan 90 (faddan ma'aunin fili ne kamar eka), daga shi sai Abu Sitta da ke kai ruwan cikin hawasha, wato gonar manomi ɗaya. In ka haɗa da filin da aka ƙara a Manakil, faɗin aikin ya haura faddan miliyan 2. A kowace mararraba akwai ƙofa, kowace ƙofa kuma akwai mai buɗe ta. A tsarin da na taso na tarar, hafir, wato mai gadin ruwa, shi ke tsaye a bakin ƙofar. Samad ne ke magana da yawun manoman nimra. Mufattish, jami'in da ke duba gonaki, shi ke rubuta yawan ruwan da ake buƙata, takardar ta hau zuwa ga injiniyoyin ban ruwa, a can sama kuma ga hedikwata a Barakat.

Ka zana wannan a takarda kafin ka tambayi kowa komai. Da ka zana za ka ga abin da ba ya cikin kowane rahoto: mai hawasha a kan tur'a da mai hawasha a wutsiyarta doka ɗaya ke kansu, kuɗin ruwa ɗaya suke biya, amma ba ruwa ɗaya suke samu ba. Laka da ciyawa na cike tur'a, ruwa ya ƙare kafin ya kai wutsiya. Saboda haka tambayar wa zai samu karraka, motar yashe tur'a, kuma daga wane gefe za ta fara, tambayar siyasa ce tsantsa.

Ina tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa. Sharaka yake yi da wani mai hawasha a wutsiyar nimra: ƙasa ta wancan, ƙarfi nasa, a raba amfani. Daren da ruwa zai zo ba ya kwanciya. Sai ya ɗauki fitila da fartanya, ni ina biye da butar shayi, mu zauna a bakin Abu Sitta muna sauraro. Ruwa yana da sauti in yana tafe cikin busasshiyar ƙasa mai tsagewa, wani ƙus-ƙus kamar ana yayyafa shi a garwashi. Wani dare har asuba ba mu ji shi ba, wani ya datse shi a sama. Da gari ya waye Baba ya yi ta faɗa da hafir. Ban taɓa jin ya ambaci Barakat ba, balle ma'aikatar da ke Khartum. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Aikin mai nazari shi ne ya saurari fushin da ake yi da hafir da muhimmanci, sannan ya ci gaba da tafiya har ya kai ga wanda ya tsara cewa hafir ne kaɗai talaka zai gani.

Bayan zane sai tarihi, don kowace ƙofa akwai ranar da aka kafa ta. Auduga masaƙun Lankasha a Ingila ke so, shi ya sa aka gina aikin, aka danƙa tafiyar da shi ga kamfanin Sudan Plantations Syndicate. Masu ƙasar na asali aka riƙa ba su hayar ƙurush 10 kan kowane faddan a shekara. Manomi ba shi ke zaɓar abin da zai shuka ba, ba shi ke sayarwa ba, kasonsa na ribar auduga 40 cikin 100. A 1946 manoma suka yi yajin aiki kan kuɗinsu da aka ajiye a asusun ko-ta-kwana. A 1950 aikin ya koma hannun hukumar gwamnati. Dokar 2005 ta ba manomi damar shuka abin da ya ga dama, ta kuma ɗora kula da ƙananan tur'o'i a kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. A takarda 'yanci ne. A gona kuwa abin da na gani da idona shi ne mai kuɗin hayar karraka da sayen injin ban ruwa ya zama sabon mufattish, ba tare da an naɗa shi ba. Duk dokar da ka karanta, ka je ka ga hannun wa mabuɗi ya koma bayanta.

Sai kuma ka duba zanenka ka tambayi wa ya ɓace a ciki. Mutanen kanabi ne (jam'in kambo ke nan), waɗanda suka zo daga yammacin Sudan da Chadi da ƙasar Hausa da Barno, su ke tsinkar audugar, su ke yankan dawar, amma da yawan kanabin ba a rubuta su a matsayin ƙauyuka ba. Abin da ba ƙauye ba ne kuwa ba a tsara masa makaranta ko asibiti ko famfo. Daga tur'a muke sha, shi ya sa tsargiya ta zama kamar cutar gado a cikinmu.

Tambayoyi uku da nake ɗauka ko'ina

Wani masani Bature, Steven Lukes, ya yi bayani a 1974 cewa iko fuska uku gare shi. Ga yadda nake juya su su zama tambayoyin aiki. Ta farko: da aka yi jayayya a fili, maganar wa ta ci? Wannan mai sauƙi ce, tana cikin takardun zama. Ta biyu: wace magana ce ba a taɓa barin ta shigo zauren ba, kuma wa ke tsare ƙofa? Ka karanta ajandar zama goma a jere, ka rubuta abin da mutane ke kuka da shi a waje wanda bai taɓa hawa takardar ba. Ta uku ita ce mai wuya: me ya sa waɗanda ake cuta ba sa ganin akwai abin magana?

A kan ta uku ina ba ɗalibai karin maganarmu su tarke shi: ba a mugun sarki sai mugun bafade. Wa wannan magana take karewa? Tana ba talaka hanyar kuka ba tare da ya taɓa gadon sarauta ba, tana ba sarki hanyar sauke bafade ya fito fes. Amma ka yi hattara. Wanda ya faɗe ta a gabanka ba lallai ne ya yarda da ita ba. Sau da yawa ya san sarkin sarai, kai ne bai sani ba tukuna.

Karanta takarda kamar mai neman sawun ɓarawo

Doka ba a karanta ta don a ji daɗin gabatarwarta. Ka nemi wuri uku: inda aka fassara kalmomi, inda aka sa kwanan wata, da inda aka ce jami'i kaza yana iya yin abu in ya ga dama.

Ga misalin da ya shafi kowane gida namu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disambar 1897. Layi ɗaya ne. To, Turawa sun ci Sakkwato a 1903, a shekarar aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, daga baya ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso da jama'arsa bakin Nilul Azrak, inda garin Mai Wurno yake a yau kusa da Sinnar. Kakana ya zo ne a bayansu, da ƙafa, da niyyar hajji, aikin auduga ya tsayar da shi. Dokar ba ta ambaci Hausa ko Fallata ba ko sau ɗaya. Kwanan watan ne ya yi aikin. An sassauta shi daga baya, dokar 1994 ta mai da shi 1 ga Janairun 1956, sai dai ɗabi'ar da ya haifar a bakin tagar ofis ta fi dokar tsawon rai. Lokacin da na je neman jinsiyya, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, don shiga jami'a, abokina da muka zauna benci ɗaya tun firamare ya gama nasa kafin azahar. Ni wata huɗu na yi ina kai da komowa, a ce in kawo asab, wato shaida daga dangin uba, in kawo, a ce a ina aka haifi kakana. Jami'in bai zage ni ba. Doka ta ba shi damar ya gamsu ko kada ya gamsu, shi kuma bai gamsu ba.

Ka bi takarda yadda ka bi ruwa. Lambar ɗan ƙasa ita ke buɗe asusun banki, asusun banki shi ke buɗe Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, Bankak kuwa tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 shi ne hanyar da ɗan'uwa a Riyad ke ciyar da gidansu. Da aka fara canjin takardun fam 500 da 1,000 a Disambar 2024, ta asusun banki aka bi. Tsohuwar da ba ta da lamba sai ta danƙa abin da ta tara a hannun wani, ta jira amanarsa.

Littattafai: bayan ka ga wani abu, ba kafin ba

Ba na hana karatu, ni ma da shi nake ci. Abin da nake hanawa shi ne ka ɗauko ra'i ka je neman abin da zai dace da shi. Ka fara da namu. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu bai tsaya kan cewa sarakunan Hausa azzalumai ne ba. Ya kira abubuwan da sunayensu na kasuwa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, tawasa, kamuwa. Wannan hanyar bincike ce, kuma har yau ban ga wadda ta fi ta ba. Ibnu Haldun a Muƙaddima ya lura cewa a farkon daula haraji kaɗan ne amma abin da ake tarawa da yawa, a ƙarshenta haraji ya yi yawa abin da ake tarawa ya ragu. Ka riƙe wannan a zuciya ka ƙirga shingayen karɓar kuɗi a kan hanya ɗaya.

Mahmood Mamdani, a littafinsa na 1996, ya nuna yadda mulkin mallaka ya raba mutane biyu, na birni da ake mulka da dokar ƙasa, da na karkara da aka danƙa wa sarakunan gargajiya, aka ɗaure haƙƙin ƙasa da ƙabila. Ba za ka fahimci idara ahaliyya ba, wato mulkin sarakunan gargajiya, da nazir da umda da shaihu, sai da wannan. Turawa suka ƙarfafa ta da dokoki a shekarun 1920, Numairi ya rushe ta a farkon shekarun 1970, gwamnatocin baya suka dawo da ita don amfanin kansu. Duk wanda ya ce maka haka abin yake tun kaka da kakanni, ka tambaye shi kakan wace shekara.

Alex de Waal kuma ya ce siyasar yankinmu kasuwa ce, biyayya tana da farashi, mai mulki yana da jakar da yake sayenta da ita. Yana taimakawa ƙwarai wajen gane yadda Da'amus Sari', wato rundunar RSF da aka kafa a 2013, ta girma da zinaren Jabal Amir da kuɗin yaƙin Yaman har ta iya ja da soja. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mun san wannan tun kafin a rubuta shi. Amma ina da ja da shi. Kasuwa ba ta bayyana mini yaran kwamitocin unguwa da suka tsaya gaban harsashi ranar 3 ga Yunin 2019 da aka tarwatsa zaman dirshan na Khartum ba, ba ta bayyana mini matan takiyya, wurin girkin sadaka, da ke dafa adas a tukunyar da ta fi su girma don mutanen da ba su sani ba. Inda ra'i ya kasa, ka rubuta cewa ya kasa. Sau da yawa nan ne gudummawarka take.

Zama da mutane

Bincikena na farko na ɓata shi da kaina. Na shiga wani ƙauye a motar wata hukuma, da takardar tambayoyi arba'in. Kowa ya ce ruwa yana zuwa, mufattish mutumin kirki ne, alhamdu lillahi. Na koma da takardu cike da godiya. Wani dattijo ne daga baya ya ce mini, "Ɗana, da motar da ka zo muka yi magana, ba da kai ba." Tun ranar nake shiga gari a motar kasuwa, in sauka a gidan da ba na umda ba, kodayake shi nake fara gaisarwa, don tsallake shi rashin ladabi ne kuma zai rufe maka ƙofofi.

Kada ka tambayi mutum ra'ayinsa kan gwamnati. Ka ce masa ya ba ka labarin ranar ƙarshe da ya nemi abu a ofis: ƙarfe nawa ya fita, wa ya raka shi, nawa ya kashe, wa ya ce masa ya dawo gobe. Ka tambayi adadi, ka tambayi jerin abin da ya faru. Ka je sau uku, don maganar zuwan farko ta baƙo ce. Ka nemi mata daban, in kai namiji ne ka samu 'yar'uwa ta taya ka, domin a gaban maza za su ce abin da Malam ya faɗa shi ne. Mai shayin bakin ofis ta san wa ke shiga ta ƙofar baya fiye da kowane rahoton bincike. Ka kuma zauna da masu ikon kansu. Hafir yana da nasa kukan: albashi ba ya zuwa, manyan manoma na yi masa barazana. In ba ka ji shi ba, rabin labari ka samu. Duk abin da aka gaya maka kuma, kada ka rubuta shi a matsayin tabbas sai ka same shi ta hanya biyu da ba su san juna ba.

Idan abin ya zo kan naka

Wannan shi ne wurin da na fi jin nauyi. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a Jihar Nilul Azrak, a Rusairis da Ganis da kewaye, bayan taƙaddama kan buƙatar Hausawa ta samun masarautarsu a cikin idara ahaliyya. Ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu, akwai waɗanda na sani a ciki. Na yi makonni ba na iya rubuta layi ɗaya.

Da na dawo hayyacina na tilasta wa kaina tambayoyin da nake tilasta wa ɗalibai. Me ya sa samun sarauta ya zama hanyar samun ƙasa da murya, har rashinta ya zama rashin tsaro? Me ya canza a rabon iko a jihar bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta Oktoban 2020 da juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021? Me maƙwabtanmu ke tsoro, su da suka ga manyan gonakin inji sun cinye ƙasarsu tun bayan dokar 1970 da ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati? Su wa a cikinmu suka yi magana da sunan Hausawa, wa ya zaɓe su, da wace gwamnati suka yi hulɗa a baya? Tambaya ta ƙarshe ta jawo mini ɓacin ran 'yan'uwa. Wani ya ce mini, "Malam, yanzu ne lokacin wannan?" Na fahimce shi, jini bai bushe ba. Amma laifi tudu ne, kuma mai nazarin da ya taka nasa ya hango na wani ya zama maroƙi. Bayyana dalilin kisa ba wanke mai kisa ba ne. Ka faɗi wa ya kashe wa in kana da hujja, sannan ka nuna tsarin da ya sa maƙwabta biyu matalauta suka ga cewa rayuwar ɗaya sai da korar ɗayan. Ka kuma gaya wa mai karatu tun a shafin farko kai wane ne da inda kake tsaye, ya auna maganarka da saninsa.

Alƙaluma da tsaron rai

Kowane adadi ka tambayi wa ya ƙirga, yaushe, don me. Ƙidayar 1955 zuwa 1956 ta tambayi ƙabila da harshe, ta 2008 ba ta tambaya ba. Don haka duk wanda ya ba ka adadin Hausawan Sudan na yau, ƙiyasi ya ba ka, ka rubuta shi a matsayin ƙiyasi ko da ya yi maka daɗi. Tsofaffin takardun zamanin Turawa akwai su da yawa a taskar Sudan ta Jami'ar Durham a Ingila, wasu ana samunsu ta intanet. Ka tuna mufattish ne ya rubuta su don na gaba da shi, manomi yana fitowa a ciki ne kawai ranar da ya zama matsala.

A wannan lokaci kuwa tsaron mutanen da suka yi maka magana ya fi digirinka. Ana binciken waya a shingaye, ta kowane ɓangare. Kada ka ajiye murya ko suna a cikinta. Ka ba kowa lamba, ka riƙe mabuɗin lambobin a kanka. Cire suna kaɗai ba ya isa: in ka rubuta "wani samad mai shekara saba'in a nimra kaza", ka nuna shi da yatsa. Mutanen gabashin Jazira sun ga abin da Da'amus Sari' ta yi musu a Oktoban 2024, mutanen wasu kanabi kuma sun ga harin ramuwa a Janairun 2025 bisa zargin haɗin baki da Da'amus Sari'. A irin wannan ƙasa, jimla ɗaya a cikin kundi tana iya zama takardar tuhuma. In ka yi shakka, cire ta.

Wajen rubutawa

Ka yi yaƙi da "an". An kori mutane, an ƙara kuɗi, an rufe tur'a. Wa ya kora? In ka sani ka faɗa, in hujjarka ba ta kai ba ka faɗi iyakar inda ta tsaya. Ka lura da kalmomin da kake ara: "rikicin ƙabilanci" yana rufe tambaya kafin a buɗe ta, "baƙi" kuma hukunci ne da aka yanke wa mutanen da kakanninsu ke kwance a maƙabartar garin. Ka raba abin da ka gani da abin da aka gaya maka da abin da kake zato, mai karatu ya san wanne yake takawa. In ka gama, ka koma wurin waɗanda suka ba ka lokacinsu ka karanta musu da harshen da suke ji. Za su gyara maka abin da malaminka ba zai taɓa ganowa ba.

'Yar wana ta yaga shafukanta huɗu. Akwai wata makarantar firamare kusa da mu da aka mai da masaukin waɗanda suka gudo, sai ta mai da tambayarta ta zama: wa ke rubuta sunan wanda zai karɓi abinci a nan, kuma ta yaya ake shiga jerin? Ta tafi da littafin rubutu mai shafi arba'in da biro, ta bar wayarta a gida. Da magariba ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Baffa, jerin sunayen uku ne, ba ɗaya ba. Na kwamitin masaukin daban, na ƙungiyar agaji daban, na shaihun unguwa daban, kuma adadinsu bai zo ɗaya ba. Akwai wata mata da 'ya'ya biyar a ajin ƙarshe da ba ta cikin ko ɗaya." Na tambaye ta wa za ta fara gani gobe. Ta ce matar, sannan mai riƙe da mabuɗin sito.